Dosiyen Tabawa

Ƙarfe uku da rabi na ranar Juma'a aka buga wa Sufeto Mailafiya waya a kwamisariyar 'yan sandan Tanut: an fasa biron lauyoyin sa-kai.

Biron ɗaki ɗaya ne a bayan tasha. Duk ƙarshen wata lauyoyi kan zo daga Damagaram, su saurari matan da ake duka da masu rigimar riƙon yara, su tsaya musu a gaban alƙali kyauta. Wannan karon Lauya Radiya ce ta zo. A bakin ƙofa ya same ta, ranta a ɓace.

"Na rufe ƙarfe ɗaya, lokacin masallaci," in ji ta. "Na dawo na tarar da haka. An ɗauke dosiyen takardun shari'ar Tabawa, kuma Litinin za mu shiga kotu."

"Wace ce Tabawa?"

"Matar Sahabi dillalin awaki. Ya karya mata haƙarƙari biyu da taɓarya, ya sake ta, yanzu yana son ƙwace yaran. Takardar likita da hotunan raunin duk suna ciki. In babu su, bakinta ne da bakinsa."

Sufeto ya duƙa ya ɗauki kwaɗon da ke yashe a ƙasa. A buɗe yake, ko ƙwarzane babu. Ƙarfen jikin ƙofar ne kawai aka lanƙwasa. Ya taɓe baki. Wani ne ya buɗe da makulli, sannan ya tsaya yi wa ƙofa wasan kwaikwayo.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, sai Alhaji Safiyanu, shugaban kwamitinmu na gari. Shi ya ba mu ɗakin."

A cikin kabad dosiyoyin na jere da lamba. Ya bi su da yatsa.

"Madam, sha bakwai babu. Ashirin da uku ma babu."

Ta ce, "Mai dosiye na biyun jiya ta zo, fuska a rufe. Na yi mata alkawarin ba zan faɗi sunanta ba."

"Riƙe alkawarinki. Amma kada kowa ya ji cewa biyu ne."

A kasuwar dabbobi ya sami Sahabi, ƙato mai jan ido, yana ta yi wa wani makiyayi ihu. Da ya ga kaki sai murya ta koma ta ɗan akuya.

"Ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"Garin Gangara na je, Shef. Wallahi."

"Mai shayin tasha ya gan ka da azahar."

Sahabi ya share gumi. Sufeto ya ciro takardu uku daga aljihu ya miƙa masa. "Wacce ke da sunan matarka?"

Ya jujjuya su, ya nuna ta tsakiya. Takardar rigakafin shanu ce.

"Faɗi gaskiya, ina ka je?"

"Wurin wani boka ne, hanyar Belbeji," ya ce ƙasa-ƙasa, ya buɗe tafin hannu, ga wata 'yar laya sabuwa. "A ɗaure mini bakin alƙali."

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Jarumin taɓarya ke nan. Bai iya bambanta sunan matarsa da na saniya ba, balle ya zaɓo dosiye biyu cikin arba'in.

"Adana layarka. Litinin za ka ga aikinta."

Alhaji Safiyanu ya karɓe shi a zaure, cikin farar shadda, ga ƙamshin turare. Kowa a Damargu ya san muryarsa, don duk Laraba yana rediyo yana wa maza nasiha a kan haƙƙin mata.

"Sufeto, abin kunya ne! Mace amana ce. Duk wanda ya ɗaga mata hannu ba namiji ba ne. Ku kama Sahabin nan kawai."

"Makullinka fa, Alhaji?"

"Yana aljihuna kullum. Ni ina sahun gaba a masallaci, kowa ya gan ni."

"Allah ya karɓa."

"Amin. Bayin Allahn nan biyu, da wace takarda za su tsaya gaban alƙali yanzu?"

Sufeto ya miƙe ya sa takalmansa. Shekara goma sha tara yana aikin nan, ya ga ɓarayin raƙuma da 'yan fashi, amma babu wanda ke tayar masa da zuciya kamar mai wa'azin da bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ya biya ta wurin ladan. Ladan ya ce Alhaji ya zo dai, amma ana raka'a ta biyu, kuma a bakin ƙofa ya tsaya.

Da safiyar Asabar ya koma wurin Lauya Radiya.

"Ba sai kin faɗi suna ba, Madam. Raka ni gidan Alhaji. Ni zan zauna a zaure, ke ki shiga wurin iyali."

Ta dube shi, ta ɗauki mayafinta.

Alhaji na cikin bayanin shirinsa na Laraba mai zuwa sai labule ya ɗaga. Lauya ta fito, bayanta matar gidan, Nana, hannunta na hagu ɗaure da tsumma, leɓenta a kumbure. A hannun dama tana riƙe da dosiye, ƙwayoyin gero na zubowa daga cikinsa.

"Koma ciki!" Alhaji ya daka tsawa.

Ba ta ko kalle shi ba, ta fuskanci Sufeto. "Ranka ya daɗe, jiya ana huɗuba ya shigo da takardu kashi biyu. Ya sa ni na hura murhu, ya tsaya a kaina na ƙona nawa da hannuna. Da ya ji an tada salla sai ya jefo mini wannan, ya ce in ƙarasa. Na tusa shi a buhun gero. Nawa ya tafi, amma Tabawa 'ya'yanta za a ƙwace."

"Wa ya yi miki hannun?"

"Shi. Shekara tara ke nan."

Sufeto ya juya. "Alhaji, jiya ka ce mata biyu. Ni da lauya kaɗai muka san biyu ne."

Alhaji ya zame daga kujera, hula ta karkace. "Sharrin Shaiɗan ne, Sufeto. Takalmanta na gani a ƙofar biro ranar Alhamis. Da maganar ta fita, ina zan sa fuskata? Na haɗa da na Tabawa ne don a ce Sahabi ne. Mu rufa wa juna asiri, mu manya ne."

"Madam, a sake rubuta mata nata yau?" in ji Sufeto.

"Yanzu ma," in ji Lauya Radiya. "Daga nan likita za mu."

Ankwa ta yi ƙara a wuyan hannun shaddar. Alhaji ya leƙa waje, ya ga mutanen unguwa sun fara taruwa.

"Don Allah a kawo mota bakin ƙofa. Kada a bi da ni ta tasha."

"Motar kwamisariya babu mai," in ji Sufeto Mailafiya. "A ƙasa za mu, kuma hanyar ɗaya ce. Gyara hularka."