Ƙofar Baya ta Gidan Gannon

Jaka ɗaya. Kwamfuta. Littattafai a cikin leda saboda ruwa. Takalmin roba sabo fil. Makullin gidan kakarsa, da ya yi tsatsa a aljihun tebur a Birmingham. Abin da Lorcan Devaney ya ɗauko ke nan, kuma jirgin fito bai yi rabin hanyar tsibirin Inishbarra ba cikinsa ya fara juyawa.

"In amai za ka yi, koma wancan gefen. Daga nan iska take busowa."

Ya ɗago kai. Mace ce cikin rigar ruwa, igiya naɗe a kafaɗarta, gashinta ja ya jiƙe ya manne mata a goshi.

"Ba amai zan yi ba. Ni ɗan tsibirin ne."

Ta dubi takalminsa, ta dubi fuskarsa.

"Ɗan tsibiri da takardar farashi a manne a dunduniyar takalmi. Gidan wa?"

"Jikan Nonie Devaney."

"Au, kai ne yaron da aka tafi da shi." Ta miƙa masa alewar citta. "Tsotsi wannan, Ɗan Ingila. Sunana Treasa Gannon. Kar ka ɓata mini jirgi."

Bai ɓata mata ba, amma daga ranar ya rasa sukuni.

Yana ƙarami ubansa ya sayar da gona ya tafi da shi Ingila. Can ya yi makaranta, can ya yi aikin ofis har ya haura talatin. Da uban ya rasu, ya tarar bai san komai a kan ƙasarsu ba sai sunanta. Ya shiga karatun adabin Ireland ta intanet, aji ɗaya da mutanen da ke warwatse a duniya, kowa a ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. Aikin zangon shi ne kowa ya je asalinsa ya naɗo labari daga bakin wani dattijo. Duk wanda ya tambaya a tsibirin, amsa ɗaya ce: Attracta Gannon, mahaifiyar Treasa.

Ya sa kwat, ya sayi biskit, ya danna ƙararrawar ƙofar gaba. An daɗe ana kokawa da sakata kafin ta buɗe, don ƙofar ta kumbura da rashin amfani.

"Mista Devaney. Bismillah, shigo."

Attracta ta kai shi falo, ta zaunar da shi a kujera mai lulluɓin saƙa, ta kawo shayi a kofin tangaran mai bakin zinare. Ta ba shi labarin matar da take sayar wa masunta iska a ƙulle cikin gyale. Ya naɗa a waya, ya fita ta inda ya shigo, yana jin an karrama shi.

Ya tura wa Treasa saƙo: "Kyaftin, mahaifiyarki ta karɓe ni kamar bishop. Har da kofin zinare."

Amsa ta zo: "Hmm. Ka ci abinci dai?"

Haka abin ya ɗore. Ya gyara rufin gidan kakarsa, ya hura murhun da ya shekara da shekaru a mace, ya shuka dankali a kunyoyin da suka karkace har maƙwabta suna tsayawa kallo. Idan jirgin yamma ya iso yana bakin tasha, ya kama wa Treasa igiya, su taka zuwa gida tana gyara masa sunayen duwatsu da gonaki.

"Me kake karantawa yau, Ɗan Ingila?"

"Waƙar wani da aka raba da ƙasarsa."

"Kullum su ke nan. Babu wanda ya zauna ya rubuta?"

"Wanda ya zauna aure ya yi, bai samu lokaci ba."

"Kana nufin wani abu ne?"

"Ina nufi."

Da suka wuce coci, ta sa hannunta a aljihun rigarsa, wai sanyi take ji.

Kowace Lahadi yana danna ƙararrawa, a kai shi falo. Daga nan yana jiyo kicin ta bayan bango: ƙarar cokula, dariya, da muryar namiji. Fintan Lavelle ne, maƙwabcinsu mai tumaki, ƙato mai murya, wanda ake roƙo ya yi waƙa a kowane biki. Lorcan bai taɓa jin ya danna ƙararrawa ba. Sai dai a ji ƙofar baya ta yi ƙara, a ji ya ce wani abu da Gelik, yaren tsibirin, a ji Treasa ta tuntsire da dariya. Lorcan ya san Gelik na littafi, mai tafiya a hankali. Nasu gudu yake yi, kafin ya kama kalma ɗaya sun wuce.

"Me ya ce miki ɗazu?"

"Wa?"

"Mai tumakin."

"Shirme ne, a kan ragonsa."

"Rago ne ya sa ki dariya har da buga tebur?"

"Kai kuma wace ce Kendra, mai turo maka jajayen zukata kana tsakiyar yi mini magana?"

"'Yar ajinmu ce, a Boston ta Amurka take. Muna duba wa juna aiki."

"Aikin ne ke buƙatar zukata?"

Suka rabu a ƙofar gida ba sallama. Da safe ya tarar da saƙonta: "Na yi mafarki na jefa kwamfutarka a teku. Na tashi cikin farin ciki."

Ya rubuta: "Ni a nawa mafarkin ragon na yanka."

Maganar aure kuwa, Attracta ta riga ta yanke ta. Treasa ce ta faɗa masa, suna zaune a kan katangar tasha.

"Ta ce mazan Devaney ƙafarsu ba ta zama. Ta ce Fintan yana nan jiya, yana nan gobe."

"Ke me kika ce?"

"Na ce a baho ɗaya aka yi mana wanka ni da Fintan muna yara, na ga abin da zan gani."

"Amma tana girmama ni. Falo take kai ni."

Treasa ta buɗe baki, ta fasa. "Jirgi zai tashi," ta ce.

Bayan 'yan watanni malamar ajin ta dawo masa da aikinsa. Ta ce muryar tana da daɗi, amma labarin kamar an wanke shi an goge, babu ƙurar gida a jikinsa, ya sake gwadawa. A makon ne kuma Kendra ta sauka a tsibirin, neman kabarin kakan kakanta. Treasa ce ta fito da ita a jirgi, ta ga yadda ta rungume Lorcan a tasha, ta ɗaure igiya da ƙarfin da ya sa ƙarfen ya yi ƙara.

Kendra ta nace sai ta ga tsohuwar da ke cikin muryar da ya naɗa. Ya kai ta, ya danna ƙararrawa.

"Mista Devaney. Da baƙuwa. Ku shigo."

Falo. Kujera mai lulluɓin saƙa. Kofin bakin zinare, wannan karon guda biyu, Treasa ta dire su har shayin ya fantsama. Attracta ta gyara zama ta fara labarin mai sayar da iska. Kalma bayan kalma, yadda ta ba shi. Inda ta yi shiru a nasa, nan ta yi shiru. Inda ta dafa ƙirji, nan ta dafa. Kendra tana share hawaye tana ɗaukar hoto.

A kicin ƙofar baya ta yi ƙara. Muryar Fintan ta tashi yana tambayar ina aka ɓoye burodi.

Lorcan ya dubi kofin da ke hannunsa, ya dubi na Kendra. Iri ɗaya ne. A nan ya gane. Falo na limamin coci ne, da jami'in gwamnati, da masu yawon buɗe ido, da gawa kafin a kai ta coci. Tun zuwansa ana shayar da shi shayin baƙi yana godiya.

Ya raka Kendra masauƙinta, ya koma gida ya ciro jakarsa daga ƙarƙashin gado. Ya rubuta wa Treasa: "Na gane yau. Ni baƙo ne a gidanku, shi ɗan gida. Kin sani tun farko, kika bar ni ina ta murna da kofi."

"Ka gama yawo da 'yar Boston ɗin ka tuna da ni?"

"Gobe za ta tafi. Ta ce akwai gurbin ƙaro karatu a can, in ina so."

Sai ga amsarta:

"To ka bi ta. Zan riƙe muku igiya. Amma ka sani, ba a gayyatar kowa ƙofar baya. Ba wanda ya taɓa ce wa Fintan shigo. Turawa ake yi a shiga. Kai kullum kana tsaye da biskit kana danna ƙararrawa kamar mai tallan inshora. Da na faɗa maka, Mama za ta ce ni na jawo ka, ba ƙafarka ta kawo ka ba."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Washegari ya kai Kendra jirgin safe. Treasa ba ta dube shi ba. Ya wuni a gonar dankali cikin yayyafi, da la'asar kuma, bayan jirgi ya dawo, ya nufi gidan Gannon yadda yake, laka har gwiwa. Ya wuce ƙofar gaba, ya zagaya ta wajen kaji da igiyar shanya. Hannunsa ya ɗaga zai ƙwanƙwasa, ya sauke shi, ya tura.

Ɗumi ya buge shi, da ƙamshin burodi. Attracta tana murza gari. Treasa tana bakin murhu da safa a ƙafa. Fintan ya baje a kujera da kofi mai tsagaggen baki.

Attracta ta ɗago kai daga garin.

"Mista Devaney, ka ɓata hanya ne? Falo yana ta can."

"Na sha shayin falo ya ishe ni, Misis Gannon. Na zo neman auren Treasa, kuma a nan nake so a ba ni amsa."

Fintan ya yi fito. "Yau Ingila ta kawo hari ta baya."

"Rufe mana baki, Fintan," in ji Treasa, ba tare da ta ɗauke ido daga Lorcan ba.

Attracta ta goge hannu a jikin zanin aikinta. "Wannan abin naɗar maganar yana aljihunka?"

"Yana nan."

"Kashe shi. Wannan ba na makaranta ba ne."

Ya kashe wayar, ya kife ta a tebur.

"Ka ga kujerar can ta bakin taga? Ta Nonie ce. Ranar da ubanka ya tafi da kai, ta wannan ƙofar ta shigo, da takalminka ƙafa ɗaya da ya faɗi a hanyar tasha. Daga tagar gidanta ba a hango jirgi, daga tawa ana hangowa. Kullum da yamma tana nan, takalmin a cinyarta, tana duban masu sauka. Ta daina zuwa ne ranar da muka ɗauki gawarta. Ubanka furanni ya aiko." Ta nuna Treasa da haɓa. "'Ya ɗaya gare ni. Ba zan ga ta gaji kujerar nan ba."

Lorcan ya daɗe yana kallon kujerar. Babu littafin da ya gaya masa wannan.

"Ba zan rantse miki ba, don na san shi ma ya rantse," ya ce. "Ubana aiki ne ya fitar da shi. Ni makarantata tana cikin kwamfuta a kan teburin Nonie, aikin da zan yi bayanta ma nan zai same ni. Jiya an yi mini tayin Boston. Yau na wuni ina yi wa dankali huɗa."

"Huɗa yake kiran wannan abin," in ji Fintan. "Inna Attracta, ki ba shi ita don Allah, ko ta gyara masa kunyoyin dankalin. Ni dai ta ƙi ni tun muna aji biyu, burodin ne ke kawo ni."

Fintan ya tashi, ya wanke kofin mai tsagaggen baki, ya dangwara shi gaban Lorcan da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"In ka sa ta kuka, tsibirin ƙarami ne."

Attracta ta dubi 'yarta. "Ke fa? Kin yi shiru kamar ba ke ba."

"Ina jira in ji ko an goge lambar 'yar Boston."

"Aji ɗaya muke, Kyaftin."

"To ta rage zukatan."

"Shi kuma ya riƙa faɗin labarin ragonsa a hankali, yadda zan gane."

"Ka koyi saurin ji, masoyi."

Karo na farko ke nan da ta kira shi haka, kuma a gaban uwarta.

Attracta ta buɗe aljihun kabad, ta lalubo can ciki, ta fito da ɗan takalmin yaro, fatar ta bushe ta ƙanƙance. Ta ajiye shi kusa da kofin.

"Naka ne. Ka kai shi gida, ka zauna tare da shi. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa in ga 'ya'yanku suna ɓata mini kicin." Ta koma kan garinta. "Lorcan, a daji aka haife ka? Rufe ƙofar nan, kana fitar mana da ɗumi."

Ya juya ya tura ta har sakata ta faɗa.

"Auren sai Satumba," in ji Treasa, tana zuba masa shayi. "Idan baƙi sun gama tafiya."