Kujerar Iya Ta Bar Bayan Rumbu

Can da, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa da jinta ya ragu. 'Ya'yanta suka gaji da maimaita mata magana, suka kai kujerarta bayan rumbu, wai ta huta. Kaɗaici ya dame ta, tuwo ya daina mata daɗi, ta fara ramewa.

Ran nan ta ɗauko kujerar, ta dire ta tsakiyar masu hira.

Babban ɗanta ya ce, "Iya, ai ba kya ji."

Ta ce, "Dube ni, ka sake faɗa."

Ya dube ta, ya sake faɗa a hankali.

Ta ce, "To, ga shi na ji. Kai sau nawa na maimaita maka kafin bakinka ya iya cewa Iya?"