Kofin Ruwan Dogon Yaro

Rana ta take tsaka aka zaunar da Hadassah a ƙasa a ƙofar gidan Dagaci, a wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan Rido. Gabanta awaki biyar ne matattu, cikinsu ya kumbura, ƙudaje sun samu biki. Matan da jiya-jiya suke ce mata Malama, waɗanda ta koya wa rubuta sunansu da haɗa taki daga shara, yau babu mai ɗaga ido ya dube ta. Bayansu maza ne riƙe da sanduna...

Marainiya ce. Tana shekara tara iyayenta suka rasu, ta tashi a Sabon Tasha hannun kawunta Nelson, mai shagon maganin feshi, dattijo a majami'a, mutumin da in ya fara addu'ar abinci sai tuwo ya sandare. A gidansa ta sha wuya: ɗiban ruwa, wanki, gori safe da yamma. Da mishan ta koya mata noma ba tare da guba ba, ta turo ta ƙauyen nan, sai ta zaci wahala ta ƙare. Ba ta lura ba cewa duk matar da ta iya jiƙa ganyen dogon yaro da barkono ta fesa wa wake, Kawu ya rasa mai saye ke nan.

Kawun ne ya fara magana a gaban Dagaci, yana share ido da hankici.

"Ranka ya daɗe, ni na raine ta, ban so na faɗa ba. Ruwan nan da take haɗawa shi ya kashe awakin Mama Juliana. Yau akuya, gobe mutum."

"Kawu... Kawu, ni ce fa. Me na yi maka?"

Ta juya wajen Fasto Benson da dattawan da suka rako shi. Mu dattawa kuwa, Allah na gani, in rigima ta tashi babu abin da muka iya kamar nazarin takalmanmu. Su ma haka suka yi.

Dagaci ya ce, "A garin nan, wanda aka ce abinsa ya yi kisa, shi ke fara sha. Ku kawo jarkarta."

Ta san abin da ta zuba da hannunta, amma jarkar kwana uku take a sito na majami'a, kuma mabuɗin siton a aljihun Kawu yake zama. In ta ƙi sha, ta amsa laifi, ga sanduna na jira. In ta sha... Ta dubi fuskarsa tana neman amsa, ba ta ga komai ba sai hankici.

Aka cika kofin roba. Hawaye na ɗiga a ciki, ta ce, "Ya Yesu, ba ni da uwa, ba ni da uba, kai kaɗai ka san zuciyata. In yau ce ranata, kada ka bar matan nan su ce ƙarya na koya musu." Ta runtse ido ta shanye.

Ɗaci ya naɗe mata harshe, barkono ya kama maƙoshi, ta durƙushe tana tari. Mata suka fashe da kuka. Ita kanta ta saddaƙar, tana sauraron cikinta, tana jiran abin da ya sami awaki. Inuwar mangwaro ta matsa taku ɗaya, ta matsa biyu. Babu abin da ya fito sai atishawa bakwai.

Sai Mama Juliana ta miƙe, tsohuwa mai awakin, ta ciro wata kwalbar lemo daga cikin zaninta, ruwa kore a ciki, babu takarda a jiki.

"Ranka ya daɗe, abu biyu na fesa a gonata. Wannan, Baba Nelson ya kawo mini shekaranjiya, ya ce na mishan ne, ko yaro ya sha ba komai. A baho ɗaya na dama, a nan awaki suka sha. Yarinya ta sha nata. Baba, bismillah."

Kawu ya ja da baya. "Ai ina azumi."

"Da ɗazu ka ci doyata?"

Aka miƙa masa kofi. Hannun da ya saba ɗagawa sama a majami'a ya ƙi ɗaguwa. Sai gwiwoyi suka kai ƙasa, bakin ya buɗe: shi ya ɗura maganin, shi ya laƙa masa sunan mishan, bai zaci zai yi kisa ba, so yake kawai gona ta ƙone a kori yarinya.

Dagaci ya haramta masa taka garin. Majami'a ta tuɓe shi daga muƙamin dattijo ta sa shi a horo. Matan kuwa har Sabon Tasha, inda Hadassah ta koma, suka zo neman gafara, da doya a kafaɗa, suka koma da Malamarsu.

Wata Lahadi da Hadassah ta zo Sabon Tasha, ta shigo sujada ta sami Kawu a bencin baya, kusa da ƙofa, inda masu horo ke zama. Ta tsaya, ta rusuna.

"Ina kwana, Kawu."

Ta wuce gaba ta zauna.