Kiɗan Korar Jan-baki

Muhsina tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji sallamar mahaifinta a zaure. Wata takwas ke nan da kawo ta gidan Abdulsamad, Alhaji Dattijo bai taɓa tako ƙofar ba, kuma kowa ya san ba a ganin uba a gidan 'yarsa da hantsi haka kawai.

Ta fito ta durƙusa. "Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai ko?"

"Ina fa lafiya! Ungo, kalli abin da mijinki yake yi mana."

Ya miƙo mata waya. Bidiyo ne da wasu 'yan sarin shinkafa suka ɗauka. Ga Abdulsamad zaune a kan kunyar gona, igiyoyi ɗaure a yatsunsa yana ja, mutane sun yi cirko-cirko a bakin kanal ɗin ban-ruwa suna ta tafi.

Asalin maganar kuwa ita ce, lokacin da Abdulsamad yake karatu a birni ya koyi busa wani kakakin Turawa da ake kira saksofon. Shi da abokansa suna wani kiɗa wai shi jaz, wanda ba a haddace shi, kowa a take yake ƙago nasa, su haɗa da kalangu da sarewa. Da ya zo neman aurenta Alhaji ya ce atafau, shi bai haifi 'yar da zai bai wa maroƙi ba, ƙarshen mai busa gidan gala ne, mata na rawa ana liƙa musu kuɗi. Muhsina ce ta yi ta kuka tana roƙon masoyin nata, har ya je gaban manya ya yi alkawarin shi da kiɗa har abada. Ya sayar da kakakin, ya dawo gonar ubansa a Bunkure.

To, sai shinkafa ta yi nono, tsuntsayen nan jan-baki suka sauko mata. Kowane manomi ya ja igiya ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana girgizawa tsuntsaye suna tashi. Amma shi gogan naka sai da ya zauna ya zaɓi nasa: na madara daban, na tumatir daban, ga kwalabe ya zuba musu ruwa wani ya fi wani, ga tsohon murfin tukunya. Gonar a bayan gida take, kullum da safe Muhsina tana jin abin da ke fitowa, kuma ta san sarai ba korar tsuntsu kaɗai ba ce. Ta yi gum da bakinta, don tun da aka yi auren sai a makon nan ta ga mijinta ya cinye tuwo yana dariya.

Tana cikin kallon bidiyon sai ga Abdulsamad ya shigo, ƙafafu duk taɓo. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Mene ne wannan?" in ji Alhaji.

"Korar tsuntsu ce, Baba."

"Korar tsuntsun ake yi wa tafi? Abdulsamad, tsakaninka da Allah, kiɗa ne ko ba kiɗa ba ne?"

Muhsina ta ƙura masa ido tana roƙo a zuci — ka ce a'a, don Allah ka ce a'a!

Ya sunkuyar da kai. "Kiɗa ne, Baba."

"Madalla. Ke, ɗauko mayafinki mu tafi."

"Baba, filis—"

"Rufe min baki da wannan Turancin naku!"

Tana tafe tana waiwaye, hawaye shaɓe-shaɓe. Kafin azahar labari ya iso cewa Abdulsamad ya tsinke igiyoyin kaf. Ta yi zaton shi ke nan, ashe da sauran aiki. Alhaji ya ce wanda ya karya magana sau ɗaya sai an gwada shi. Ba za ta koma ba sai an yanke shinkafa, in kuwa aka sake jin ko da ƙwal ɗaya, to a bakin aurensa. Ya karɓe wayarta, ya ce ko zaure kada ta leƙa.

Kai, zaman gidan nan ya yi mata ɗaci! Ɗakin da ta tashi a cikinsa ya koma mata kamar akurki. Mahaifiyarta, Inna Barira, ta yi lallashin har ta gaji.

"Ki ci abinci, Muhsina. Babanki tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba ce."

"Inna, to Abdulsamad ya ɗaura gwangwanaye irin na kowa mana! Tsuntsaye za su cinye masa gona!"

"An gaya masa. Cewa ya yi bai yarda da hannunsa ba, in ya taɓa igiyar kiɗa zai fito."

Daga gidan Alhaji zuwa gonar kanal ɗaya ne a tsakani. Tun fitowar rana take jiyo muryar Abdulsamad yana korar tsuntsaye: "Haa! Haa! Kai!" Haka zai yi ta yi har faɗuwarta. Ta riƙa jingina da katanga tana saurare, abin da ya rage mata na mijinta ke nan. Kwana uku muryar tana fita ƙarau. A na biyar ta fara shaƙewa. A na takwas sai ta kasa kunne sosai kafin ta ji. Ran na goma kuwa, tsit.

Ta jira har rana ta take, ba ko tari. Matan maƙwabta da suka shigo ɗaukar turmi suka ce ai dama an faɗa, ɗan birni ne, ya tattara ya koma wajen abokan busarsa. Zuciyarta ta karye. Ta wuce kai tsaye rumfar mahaifinta ta zube a gabansa.

"Baba, ni ce na sa shi ya yi alkawarin nan, don ina son sa. Ni ce kuma na ji kiɗan nan kwana bakwai na yi shiru, don na ga yana murna. In hukunci ne, ni ya kamata a yi wa. Wallahi na cuce shi, Baba, na raba shi da abin da yake so, ga shi an raba shi da ni!"

Alhaji ya miƙe ya zura takalmi. "Taso mu je. In ya gudu, gara ki gani da idonki ki huta da kuka."

Suka bi bakin kanal, shi a gaba ita a baya. Da suka haura 'yar gadar sai ta dafe ƙirji.

Yana nan. Yana gudu a kan kunya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana kaɗa rigarsa a sama, baki a buɗe yana ihu amma babu abin da ke fita. Ya rame, leɓunansa sun tsage. Ya kori tsuntsayen nan su tashi su sauka can, ya bi su can su dawo nan. Rabin gonar ta yi fari, zangarniyar ta zama ƙaiƙayi.

Da ya hango su ya zo ya durƙusa yana haki. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, iska kawai ta fito.

"Rabin shinkafarka ta tafi," in ji Alhaji.

Ya gyaɗa kai.

"Ka san da ka mayar da igiya ka ja da asuba, kafin kowa ya fito, ba lallai na ji ba?"

Ya sake gyaɗa kai. Ya nuna ƙirjinsa, sannan ya nuna Muhsina.

Alhaji Dattijo ya kawar da fuska, ya sa hannun riga ya goge ido. "Shekara arba'in ina noma a ƙasar nan, ban taɓa ganin wanda ya ciyar da tsuntsu guminsa don ya riƙe magana ba. Ni na ɗauka duk mai kiɗa maganarsa iska ce. Na yi kuskure, Abdulsamad. Na sauke maka alkawarin, ka yi abinka, gidan gala ne dai ban yarda ba. Ke kuma kin tsaya kina kallona? Ba ki ga mijinki yana jin ƙishirwa ba?"

Muhsina ta ruga ta ɗauko buta, tana kuka tana dariya. "Sori, Yaya, sori! Sha a hankali!"

Yana cikin sha wani garken jan-baki ya sake sauka. Ya yunƙura zai tashi, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Dattijon ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya hau kunyar surukinsa ya buɗe murya iya ƙarfinsa: "Haa! Haa! Kai!"

Ran nan Muhsina ta kwana a ɗakinta. 'Yan'uwa, sana'ar mutum ba ita ce halinsa ba, ku gwada shi da gaskiyarsa kafin ku yanke masa hukunci. Ma'aurata kuma ku yi haƙuri da iyaye ko da sun tsananta, domin haƙurin kwana goma ne ya dawo wa Abdulsamad da matarsa da kiɗansa.