Kashi Uku da Ta Kalla Ba Shi

"Ka ɗaga mana... don girman Allah ka ɗaga..."

Karo na tara ke nan Auta tana kiran saurayinta Tela, tana tsugune a ɗakin ajiye zannuwan gado na gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Ta sake karanta saƙonsa, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar: "Yaya ta nuna min. Na faɗa wa Umma na fasa auren. Ki gaida wanda kuke kallo tare."

Shekara biyu da barinta gida zuwa ƙasar waje, wani shiri mai dogon zango da ake yi da harshensu shi ya riƙe su. Duk Asabar da la'asar shi ya rufe shago, ita ta ja labulen ɗan ɗakinta na haya, su kira juna su kunna tare. Shirin ba wani na a zo a gani ba ne, amma a ciki take jin carar zakara da faɗan maƙwabta ta kan katanga. Sun yi alkawari ba mai kallon ko kashi ɗaya shi kaɗai.

Sai ga shi ta kalli uku. Ta so ta ɓoye, ran Asabar ta yi kamar ba ta gani ba, ta manta asusun kallonsu ɗaya ne, duk abin da aka kalla jan layi ke fitowa a ƙarƙashinsa. Yayarsa kuwa, da ta daɗe tana masa tallan ƙawarta, abin nema ya samu, tana ganin layin ta ce masa ai da wani namiji Auta ke kallo.

Auta ta goge fuska ta nufi ɗaki na shida.

Iya, wata tsohuwa 'yar ƙasarsu, na kwance, ta rame kamar tsinke. 'Ya'yanta ne suka kawo ta ƙasar, tsufa ya kwashe mata ɗan yaren da ta koya, har ta daina cin abinci. Ranar da Auta ta kunna mata shirin ne ta buɗe baki ta karɓi cokali.

"Wa ya taɓa min ke?" in ji Iya.

"Iya, na shiga uku... Ya ce da namiji nake kallo."

"Ni ce namijin? Ɗauko wayata, ba zai san lambar ba."

Bugu biyu ya ɗaga. Fuskarsa ta bayyana, idanu jawur, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Kai ne Telan?" Muryar Iya da ƙyar take fita. "Kalle ni da kyau, ni ce kishiyar taka. Likita ya ce kwanana ya kusa ƙarewa. Ni na roƙe ta, na ce ba zan kai Asabar uku ina jiran wani ƙato ya rufe shago ba."

Tela ya sunkuyar da kai. Auta ta karɓi wayar.

"Na karya alkawari, na ɓoye maka, wannan laifina ne. Amma wallahi ban taɓa kallon kowa ba bayan kai. In ka bar ni a nan ba ni da kowa, Nawa..."

"Rabin raina, ni ne ban tambaye ki ba." Ya share ido da bayan hannu. "Kada ki kashe."

Hoton ya dinga tsalle. Ta ga ƙofar shago, ta ga titi, ta ji hakinsa yana gudu. Sai tsakar gidansu, da muryar yayarsa tana tambayar lafiya. Bai kula ta ba.

"Umma, na janye maganar jiya. Zaluntarta na yi. In ba ita ba, ba na yi."

Auta ta kasa kunne. Iya ta damƙe mata yatsu.

"Ba ni ita," in ji Umma.

Fuskar uwar ta cika wayar. Ta daɗe tana kallon Auta, rigar aikinta, kumburarrun idanunta, da tsohuwar da ke riƙe da ita.

"'Yata, haka kika rame ba wanda ya faɗa min? Share hawayenki. Yaushe za su ba ki hutu ki zo mu sa rana?"