Baƙon da Jiki Ya Ƙi Karɓa

Ku matso. Hajjo, rage fitilar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, da Nafi'u ɗan Baba Ƙarami abin ya faru.

Kun san aikinsa. Manhajar lissafin magunguna yake rubutawa, yana bin asibitocin ƙauye a kan babur yana saka musu. Manhajar ɗaya ce, amma kowace na'ura da irin dahuwar da yake yi mata. Wadda ya dafa wa kwamfuta mai Windows ba ta tashi a mai Linux. Ta kwamfuta ba ta tashi a waya. In ka tilasta, na'urar ta amayar da ita.

Ran nan magariba ta same shi a hanyar tsohon asibitin nan da aka rufe. Wani mutum ya ɗaga masa hannu, ya tsaya.

Wari ya riga sallama isowa. Irin na naman da aka manta a leda.

"Malam mai kwamfuta," in ji mutumin. Sai da bakinsa ya gama motsi sannan muryar ta fito. "An ce kana zaunar da abu a inda ya ƙi zama."

Nafi'u ya dube shi. Fatar wuyansa ta tattare kamar rigar aro. Ido ɗaya ya ƙifta, ɗayan sai daga baya. Ƙafafunsa duka biyu na hagu ne. Ƙudaje na fitowa ta hannun rigarsa.

"Me ya ƙi zama, Baba?"

"Ni. Na shiga akuya, ta kumbura ta fashe. Na shiga jaki, ya yi ta aman tsutsa. Wannan bawan Allah ya ɗan karɓe ni, amma dubi yadda yake zagwanyewa." Ya ja kumatunsa, fatar ta biyo hannunsa, ya mayar ya manna. "Don wani irin jiki aka yi ni, yanzu babu irinsa. Gyara ni. In ba ka iya ba, in gwada naka."

Hajjo, sakar mini zani. Saurara.

Nafi'u ya ce:

"Baba, abin da aka riga aka dafa ba ya sauyuwa. Sai an koma ga asalin rubutun, a sake dafawa daidai da sabuwar na'ura. Wa ke riƙe da asalinka?"

Ƙudajen mutumin suka lafa.

"Wanda ya halicce ni."

"To, koma gare Shi."

"Can ba na zuwa. Kawo hannu."

Ya cafke masa ɗan yatsa. Nafi'u ya ji wani abu mai sanyi da yauƙi yana kutsawa ta ƙarƙashin farce. Ya wuce gaɓa ɗaya, ya nufi ta gaba. Nafi'u ya kama Ayatul Kursiyyu, yana karantawa yana amai. Abin ya tsaya. Ya laluba, ya juya, ya janye.

"Tir. Kai ma ba ka dace ba." Mutumin ya tofar da yawu, haƙori ya biyo.

Nafi'u ya tsira, amma yatsan ya yi baƙi ya ruɓe, sai da likita ya cire shi.

Don haka kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai, ko da rana tsaka. Domin da Nafi'u ya tayar da babur, muryar ta biyo shi a makare, a hankali, daf da kunnensa:

"Malam, kana da ƙanne?"