Rigar da Ta Ƙi Zama a Akwatin Gilashi

Safiya ta uku ke nan Auta na buɗe ɗakin riguna tana tarar da baƙar rigar nan a kan kujerarta, hannayen rigar a shimfiɗe bisa keken ɗinki kamar mutum ya gaji da jira. Ta durƙushe tana salati, hawaye na zuba. "Wayyo Allah! Baba, so kake a kore ni? Saura kwana huɗu fa a rantsar da ni..."

Ɗakin yana ƙasan ginin makarantar lauyoyi, da 'yar taga ɗaya. Al'adar makarantar ce idan tsohon ɗalibi ya ajiye aiki ko ya rasu, a kawo rigarsa ta shiga kotu a rataye, ɗalibin da ba shi da hali ya ara ranar rantsarwa. Sun fi ɗari biyu, a jere kamar mutane marasa kai, kuma sukan yi lilo ko babu iska. Manyan lauyoyin da ke ɗaga wa alƙali murya ba sa sauka can su kaɗai, sai su ce gwiwa ke damun su. Mai ba ku labarin nan ma yana cikin masu ciwon gwiwar. Auta kuwa a nan take yini tana gyaran riguna, da wannan aikin ta riƙe kanta har ta kai shekarar ƙarshe.

Marainiya ce. Mahaifinta da yayansa ofishi ɗaya suka buɗe da sunan gidansu. Shi ƙanen ne ya tsaya wa wasu 'yan dako arba'in da aka kulle bisa ƙarya, shekara uku yana shari'ar ba ko sisi, aka sake su, bayan mako biyu ya faɗi ya rasu. Bai cika shekara ba uwarta ta bi shi. Baffa ya ɗauki Auta, jama'a na sa masa albarka, ya kai ta gida ya haɗa ta da wanki da shara. Ya kwashe littattafan marigayi ya ba makaranta kyauta da sunansa. Tun da takardun kotu sunan ofis kawai ke jiki, shari'ar 'yan dako ma a hankali ta zama tasa. Yau shi ne shugaban tsofaffin ɗalibai, hotonsa a babban zaure ya kusa girman ƙofa. A bana kuma ya kawo rigar da ya ce da ita ya yi shari'ar, aka kulle ta a akwatin gilashi ana tafi. A ranar ce Auta ta yi kuskure ɗaya, bakinta ya suɓuce ta ce, "Ai rigar Babana ce." Baffa ya ji.

Sau biyu tana mayar da rigar ofishin shugaban makaranta tana rantsuwa ba ta san yadda ta sauko ba. Akwatin a kulle, makullin na aljihun shugaba. A ta ukun nan kuwa ba ta ko tashi ba sai ta ji takun takalma a matakala. Baffa ne da shugaba, suka same ta rungume da rigar tana kuka.

"Kun gani ko?" in ji Baffa, yana girgiza kai. "Ni na ciyar da yarinyar nan, ni na tufatar da ita. Tsintacciyar mage! Sata ba ta ishe ki ba har da tsafi?"

"Baffa, wallahi ban taɓa akwatin ba..."

"Rufe min baki! Ɓarauniya ba ta zama lauya ina raye."

Kafin azahar an fitar da kayanta daga ɗakin kwana. Ƙawayenta suka riƙa sauya hanya in sun hango ta. Kwana biyu ta yi a bencin maigadi, tsohon yana raba abincinsa da ita, ita kuwa ba ta da abin faɗa sai, "Ya Allah, kai ne gatan mara gata."

Ranar zaman kwamitin ladabtarwa aka shimfiɗa rigar a kan tebur. Cikin masu zaman akwai wani tsohon malami da ɗalibai ke kira Ina Hujja, don ko gaishe shi ka yi ka ce ka kwana lafiya, abin da zai tambaye ka ke nan. Ya daɗe yana juya wuyan rigar, sannan ya dubi Baffa.

"Ranka ya daɗe, mu ba mu yi sa'ar ganin shari'ar nan ba. Sanya rigarka ka ɗan maimaita mana jawabin ƙarshe, yarinyar nan ta san girman abin da ta taɓa."

To, ina lauyan da za a ce ya yi jawabi ya ƙi? Baffa ya miƙe yana murmushi, ya zura rigar, ta yi masa daidai, don tsayinsu ɗaya da marigayi. Ya gyara murya. Kowane lauya yana da hannun da yake kama wuyan riga da shi idan ya tsaya gaban alƙali, ɗayan kuma yana nuni, kuma ba ya sanin yana yi. Hannun hagun Baffa ya tashi ya damƙe wuyan rigar, na dama ya hau sukar iska.

"Tsaya nan!" in ji Ina Hujja. "Kada ka motsa. Jama'a ku duba. Inda ya kama, yadin kamar jiya aka yanko shi. Ku dubi ɓangaren dama kuma, ya koɗe fari, har sawun yatsu huɗu ya fito. Shekara uku ana shari'a, ranka ya daɗe, hannun wa ya cinye wannan wurin? Mai rigar nan bahago ne."

Sai ga muryar maigadi daga bakin ƙofa. "Ni ina cikin arba'in ɗin nan. Da hagu yake nuna alƙali, Allah ya jiƙansa! Na yi shiru ne don ba a tambayar maigadi..."

Baffa ya kai hannu zai tuɓe rigar, ta ƙi fita. Babu maɓalli, babu igiya, amma wuyanta ya manne masa. Tagogi a rufe, gefen rigar kuwa sai kaɗawa yake. Gumi ya karyo masa, idanunsa suka firfito, ya zube bisa gwiwoyinsa. "Ƙanena, ka yafe ni! Taka ce! Shari'ar taka ce, littattafan naka ne!" Yana faɗar haka rigar ta zame ƙasa da kanta. Daga baya likita ya ce hawan jini ne. Wataƙila.

Auta ta rarrafa ta ɗauki rigar da hannun hagu, ta kifa fuskarta a ciki tana kuka mai tsuma zuciya, har shugaba ya cire tabarau yana goge ido.

A makon nan aka sauke hoton Baffa, sai da mutum huɗu suka kama. Aka tuɓe shi daga shugabanci, aka kankare sunansa daga littattafan aka rubuta na marigayi. Wanda a da ake tashi tsaye in ya shigo, ta ƙofar baya ya fita, ba mai ce masa sannu.

Ranar rantsarwa Auta ta tsaya a layi cikin rigar mahaifinta, ta naɗe hannayen sau biyu don sun yi mata tsawo. Maigadi na baya cikin wankakkun kaya, kusa da sauran 'yan dako goma sha ɗaya da suka rage a duniya. Da aka kira ta, hannunta na dama ya tashi da kansa ya kama wuyan rigar, yatsunta suka faɗa daidai cikin sawun nan huɗu.

Wurin da ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗauke hannunsa.

Tun daga ranar rigar ba ta sake tashi daga inda aka ajiye ta ba.